Takardar Awo A Bakin Jirgi

Garin Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa, ba shi da teku, ba shi da tashar jiragen ruwa. Babban ruwan da ya fi kusa da shi shi ne Kogin Binuwai, can kudu. Saboda haka mai karatu yana iya mamakin abin da ya haɗa mutumin Lafiya da dokar da aka ɗora wa fasinjojin manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa a Amurka da Turai a zamanin annobar korona, watau dokar da ta ce ba mai taka matakalar jirgi sai ya nuna takardar awo mai shaida cewa ba ya ɗauke da ƙwayar cuta. Abin da ya haɗa su shi ne, irin wannan takarda ce Sa'udiyya ta nema daga hannun maniyyata cikin 2022, na Lafiya da na sauran wurare, kafin su hau jirgin sama zuwa Ƙasa Mai Tsarki. Tambayar da ta tsaya wa masu jiragen ruwa a maƙogwaro ita ce ta tsaya wa hukumomin alhazai, kuma za ta sake dawowa duk ranar da wata annoba ta ɓulla: idan awo ya kama mutum a bakin jirgi, wa zai ɗauki asarar?

Su dai waɗannan jirage ba na dakon kaya ba ne, ba kuma na kai mutum fatauci ba. Masauki ne a bisa ruwa, mai benaye goma ko fiye, da ɗakunan kwana, da wuraren cin abinci, da zaurukan wasa. Mutum yakan biya kuɗi ya shiga, a yi ta zagayawa da shi daga tsibiri zuwa tsibiri har mako guda ko biyu, sa'an nan a komo da shi inda aka ɗauke shi. Da yawa daga cikin masu shiga dattawa ne waɗanda suka ajiye aiki. To, duk inda aka tara dubban mutane masu yawan shekaru, suna ci wuri ɗaya, suna shaƙar iska ɗaya dare da rana, an gyara wa annoba shimfiɗa. Wanda ya taɓa kwana a tantunan Mina ya san irin wurin da ake nufi.

Jirgin da ya fara buɗe wa duniya ido shi ne Diamond Princess. Ya tashi daga Yokohama ta ƙasar Japan ran 20 ga Janairu ba tare da wani abin damuwa ba, cikin 2020. Wani dattijo mai shekara 80 ya sauka a Hong Kong bayan kwana biyar, kuma ran 1 ga Fabrairu awo ya nuna yana ɗauke da korona. Da jirgin ya komo Yokohama sai hukuma ta tsare shi a bakin tasha da mutum 3,711 a ciki, fasinjoji da ma'aikata. A ƙarshe dai mutum 712 sun kamu, fiye da goma sun rasu. Abin da ya fi ɗaure wa likitoci kai shi ne, kusan rabin waɗanda awo ya kama ba su da zazzaɓi, ba su da tari, ba su da wata alama a lokacin da aka auna su. Ashe duba fuskar fasinja da ɗora masa ma'aunin zafi a goshi, abin da aka saba yi a filayen jiragen sama, bai wadatar ba.

Ran 14 ga Maris 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta hana irin waɗannan jirage tashi daga tashoshin ƙasar. A Turai aka fara gwada komawa aiki: cikin Agusta na wannan shekara wani jirgi mai suna MSC Grandiosa ya tashi daga Jenowa ta ƙasar Italiya, bayan an auna kowane fasinja a bakin tasha. Tsananin ya kai har wani iyali da suka ware daga ayari yayin da aka sauka yawon buɗe ido aka hana su komawa cikin jirgin. A Amurka kuwa sai ƙarshen Yuni 2021 jirgi na farko ya sake ɗaukar fasinja. Da farko an yarda da awon da aka yi cikin kwana 3 kafin tashi, daga baya cikin Satumba na shekarar aka rage wa masu allurar rigakafi zuwa kwana 2. Ran 18 ga Yuli 2022 hukumar ta janye hannunta daga shirin, kamfanoni kuma suka yi ta sassautawa ɗaya bayan ɗaya har dokar ta shuɗe.

Awon kansa iri biyu ne. Akwai babba, wanda likitoci ke kira PCR. Akan zura ɗan tsinke mai auduga cikin hanci, a kai ɗakin bincike, inji ya yi ta ninka alamar ƙwayar har ta kai yadda za a gane ta, kuma sakamakon yakan ɗauki yini ɗaya ko biyu. Akwai kuma na gaggawa, mai araha, wanda ke ba da amsa cikin minti 15 zuwa 30, amma ganinsa bai kai na babban ba. Dukansu biyu suna da rauni guda. Ƙwayar cuta ba ta nuna kanta ranar da ta shiga jiki. Korona ta farko takan yi kamar kwana 5 tana hayayyafa a ɓoye, wani lokaci har mako biyu, kuma a kwanakin farko ba ta da yawan da awo zai kama. Watau mutum na iya ɗaukar cuta ran Litinin a kasuwa, a auna shi ran Talata a ba shi takarda tsarkakakkiya da hatimi, ya hau jirgi ran Alhamis, ran Asabar kuma ya soma rabawa maƙwabtansa. Likita bai yi ƙarya ba, fasinja bai yi ƙarya ba. Takardar ta faɗi halin da jikin yake ciki ran Talata ne kawai.

An ga haka a fili cikin Nuwamba 2020. Wani ƙaramin jirgi mai suna SeaDream I ya tashi daga tsibirin Barbados da fasinja 53 kacal, kowannensu an auna shi sau biyu, ɗaya kafin ya baro gida, ɗaya a bakin tasha. Ba a cika mako guda ba aka juyo da jirgin, aƙalla fasinja bakwai sun kamu. Wannan bai nuna awo banza ne ba. Rariya ce, tana tare tsakuwa, amma ba ta tare gari. Idan mutum goma masu cuta suka zo bakin jirgi ta tsare bakwai ko takwas, ta yi aiki, domin wutar da aka kunna wuri biyu ta fi sauƙin kashewa bisa wadda aka kunna wuri goma.

Duk wannan ba baƙon abu ba ne ga alhazai. Hasali ma a kansu duniya ta koyi sana'ar. Cikin 1865 kwalara ta faɗa wa mahajjata a Makka ta kashe dubbai, jiragen ruwa masu tururi kuma suka kwashe ta zuwa Masar, daga can ta haye Turai. A shekara mai bi aka yi babban taron ƙasashe a Istambul a kan lamarin. Daga nan aka kafa wuraren killace alhazai a kan hanyoyin Bahar Maliya: tsibirin Kamaran domin masu zuwa daga Indiya da Jawa, da kuma Ɗur a gefen Sina'i domin masu komawa arewa. Akan sauke mutane, a turara kayansu, a tsare su kwanaki ana kallon ko wani zai kwanta. Kalmar karantina ta samo asali ne daga kwana arba'in da mutanen Banis ta Italiya suke tsare jirage a da, kuma har yau akwai unguwa a kudancin Jidda mai wannan suna, wadda 'yan Afirka ta Yamma da yawa suka sani. A Ɗur ɗin nan ne cikin 1905 wani likita Bajamushe, Felix Gotschlich, ya samu ƙwayar kwalara a cikin hanjin waɗansu alhazai da suka rasu ba tare da sun nuna alamar kwalara ba. Wannan nau'i ne, mai ɗauke da sunan wurin, ya bazu daga Indunusiya cikin 1961, ya iso Afirka ta Yamma cikin 1970. Darasin Diamond Princess, watau mai kamar lafiyayye yana iya ɗauke da cuta, an karanta shi a kan hanyar hajji fiye da shekara ɗari kafin jirgin ya tashi.

Manya irin su Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi aikin hajji cikin 1921 ta jirgin ruwa ya kuma biya ta Ingila, ba su da yawa. Talakawan ƙasar Hausa da Barno a ƙasa suke tafiya, ta Yarwa, ta Chadi, ta Darfur, suna noma da ƙodago a hanya shekara da shekaru har su kai Sawakin a bakin teku. A can Turawan mulkin Sudan suka kafa nasu wurin killacewa, inda ake yi wa mutum lambar agana da allurar kwalara, a duba fasfo, a karɓi kuɗi, kafin a bar shi ya shiga jirgin Jidda. Da yawa ba su da kuɗin. Abin da suka yi shi ne suka kauce wa Sawakin, suka bi ta Masawa ta ƙasar Iritiriya ko wani lungu na gaɓar teku inda ba mai tsaro, suka shiga ƙananan jiragen filafilai na Larabawa da dare. Waɗansu sun isa, waɗansu teku ta ci, waɗansu kuma an sauke su nesa da gari ƙishirwa ta gama da su. Ba ƙin allura ne ya kore su daga hanyar hukuma ba. Tsadar hanyar ce, da tsoron kada a mayar da mutum baya bayan ya yi shekara biyar yana tafiya. Wannan shi ne wurin da ya kamata mai tsara doka ya tsaya ya yi nazari, domin halin ɗan Adam bai sake ba tun daga Sawakin.

Da jirgin sama ya maye gurbin ƙafa da raƙumi, sai killacewa ta koma katin nan mai ruwan ɗorawa. Abin da ake rubutawa a cikinsa ya yi ta sauyawa. An daina neman shaidar allurar kwalara a dokokin lafiya na duniya cikin 1973, agana kuma aka bayyana ƙarewarta daga doron ƙasa cikin 1980. Sanƙarau ya shigo bayan ɓarkewar da ya yi a hajjin 1987, aka wajabta allurarsa, sa'an nan da wani nau'insa ya ɓulla a hajjin 2000 da 2001 aka koma allurar da ke maganin nau'i huɗu. Shan inna ya shigo bayan da aka dakatar da rigakafinsa a Kano cikin 2003 cutar ta yaɗu zuwa waɗansu ƙasashe, har ta kai dattijo mai furfura sai an ɗiga masa maganin yara a baki a filin jirgin Jidda. Allurar shawara kuwa tun 2016 sau ɗaya ta isar wa mutum har iyakar ransa.

Shekarar da dattawan Arewa ba za su manta ba ita ce 1996. Sanƙarau ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, Sa'udiyya kuma ta rufe wa maniyyatan ƙasar ƙofa. A watan Oktoba na wannan shekara ne aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato, Lafiya ta zama hedkwata. Rufe ƙofa irin wannan ba ya tambayar wane ne mai cuta, wane ne lafiyayye. Kowa ya sha. Cikin 2014 an kusa maimaitawa, sa'ad da wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Ikko da cutar Ebola a watan Yuli. Sa'udiyya ta hana 'yan Gini da Laberiya da Saliyo zuwa hajji a shekarar, amma ta bar 'yan Nijeriya, domin hukumomin lafiya sun bi sawun duk wanda ya yi hulɗa da mai cutar, kuma an tantance maniyyata kafin tashi. A nan ake gane amfanin awo na gaskiya: ƙasar da aka amince da takardarta, ana tace mutanenta ɗaya ɗaya. Ƙasar da ba a amince da takardarta ba, ana yi mata kuɗin goro.

Amincin nan kuwa ba shi da wuyar zubewa. Cikin Maris 2012 Afirka ta Kudu ta mayar da 'yan Nijeriya 125 daga filin jirgin Johannasbag bisa zargin katin allurarsu na jabu ne. Nijeriya ta rama, daga baya Afirka ta Kudu ta nemi gafara, amma kowa ya san cewa a wancan zamani ana sayar da katin a bakin filayen jirage ba tare da allura ta taɓa fatar mai saye ba. Dalilin da ya sa ke nan aka fito da sabon kati cikin 2019, mai lamba da ake iya dubawa a kwamfuta.

Sai korona. Hajjin 2020 an taƙaita shi ga 'yan mutane ƙalilan mazauna Sa'udiyya, na 2021 kuma ga mutum 60,000, su ma mazauna ƙasar. Shekara biyu maniyyatan Lafiya da Doma da Awe da Keana da Wamba da Toto suna zaune da kuɗinsu a asusun hukuma, waɗansu suka karɓe, waɗansu suka bar shi da fatan baɗi. Cikin Afrilu 2022 Sa'udiyya ta sanar za ta karɓi mutum miliyan ɗaya bisa sharaɗi uku: kada shekarun mutum su wuce 65, ya kasance ya kammala allurar rigakafin korona, ya kuma kawo takardar babban awo da aka yi cikin sa'o'i 72 kafin tashi. Nijeriya ta samu kujeru 43,008, ƙasa da rabin 95,000 ɗin da ta saba samu.

A duba yadda sa'o'i 72 suke a ƙasa, ba a takarda ba. Maniyyacin Jihar Nasarawa daga Abuja yake tashi. Daga ƙauyensa zai zo Lafiya, daga Lafiya mota ta bi da shi ta Akwanga da Keffi. Duk wanda ya san jigilar alhazai a ƙasar nan ya san cewa ranar da aka sa ba kullum ita ce ranar tashi ba. Idan jirgi ya yi jinkirin yini biyu, takardar ta mutu a aljihu, sai an sake awo. A lokacin kuwa ɗakunan bincike masu zaman kansu suna karɓar kimanin naira 40,000 zuwa 50,000 daga matafiyi a kan awo ɗaya, alhali mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Daɗin daɗawa, tsakanin awo da tashi mutum ba a kwalba yake ba. 'Yan rakiya sun cika sansani, ana musabaha, ana rungumar juna, ana cin abinci kwano ɗaya, ana neman gafara da kuka. Ba mai hankalin da zai ce a hana uwa sallama da ɗanta. Amma ya kamata a san cewa awon da aka yi kafin wannan taro ya riga ya tsufa.

Masu jiragen shaƙatawa 'yan kasuwa ne, ba don Allah suke yi ba, amma sun gano wani abu da wuri. Sun lura cewa fasinjan da ya san zai yi asarar kuɗin tafiyarsa idan awo ya kama shi, zai sha maganin zazzaɓi ya danne tari, ko ya nemo takarda ta bayan gida. Saboda haka manyan kamfanonin suka rubuta a fili cewa wanda awo ya kama gab da tashi za a mayar masa da kuɗinsa, ko a ajiye masa su domin wata tafiya, shi da waɗanda za su kwana ɗaki ɗaya da shi. Da wannan alkawari suka sayi gaskiyar fasinja, kuma sun same ta da araha, domin kuɗin kujera ɗaya ba kome ba ne idan aka gwada da jirgin da aka tsare mako biyu a bakin tasha.

To, in attajirin da ya biya kuɗin hutun mako guda yana bukatar irin wannan alkawari kafin ya faɗi gaskiya, ina ga manomin da ya yi shekara bakwai yana tara kuɗin doya da riɗi da agushi, ya sayar da shanu, wataƙila har da gona? Kuɗin kujera cikin 2022 ya kai kusan naira miliyan biyu da rabi, cikin 2025 kuma ya haura miliyan takwas. Wanda aka cire daga jirgi a daren tashi ba kuɗin jirgi kawai ya saka ba. An riga an biya masa masauki a Makka da Madina, an biya tanti da abinci da mota, kuma waɗannan kuɗi sun riga sun ƙetare teku. Ko an mayar masa da wani abu bayan watanni, darajar naira ta riga ta zaizaye shi, kujerar baɗi kuma ta ƙara tsada. Ga kuma abin da ba a ƙirga shi da kuɗi: an yi walima, an yi sallama da gari, an soma kiransa Alhaji. Komawa gida a wannan hali abu ne mai nauyi ƙwarai. Mutumin kirki ma, in aka matse shi haka, shaiɗan yana samun ƙofar raɗa masa.

Shaidar haka tana nan a wani awo da ba na annoba ba. Shekara da shekaru hukumomin alhazai suna yi wa mata awon ciki kafin tashi, kuma shekara da shekaru ana samun labarin haihuwa ko ɓari a Makka da Madina. Akwai sakacin ma'aikata a ciki, akwai kuma alfarma. Amma a ƙarƙashinsu duka akwai matar da ta biya kuɗi watanni kafin ta san tana da juna biyu, ba ta kuma da tabbacin abin da zai sami kuɗinta da kujerarta idan ta faɗa.

Malamai suna da nasu aiki a nan, kuma hujja tana hannunsu. Hajji bai wajaba ba sai ga mai iko, lafiyar jiki kuwa tana cikin iko. Tarihi ya nuna Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham da manyan sahabbai, da ya sami labarin annoba ta sauka can sai ya yi shawara ya juyo da tawagarsa, ba a kuma ɗauki wannan a matsayin raunin imani ba. Wanda ya ɓoye cuta mai yaɗuwa ya shiga tanti mai mutum ɗari, ya ɗauki haƙƙin mutum casa'in da tara tun kafin ya yi harama. Ya kamata a riƙa faɗin wannan a wurin bita da irin ƙarfin da ake koyar da ɗawafi da jifa. Sai dai wa'azi shi kaɗai ba ya cike ramin miliyan takwas.

Yanzu ne lokacin gyara, domin ba a cikin ruɗani. Hajjin 2023 an yi shi ba tare da iyakar shekaru ba, Nijeriya ta koma kujerunta 95,000, kuma ran 5 ga Mayu na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke korona daga matsayin annobar gaggawa. Abin da ake bukata daga Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 2006, da hukumomin jihohi har da ta Lafiya, shi ne ƙa'ida rubutacciya, da Hausa da sauran harsuna, a bayan rasit ɗin da maniyyaci ke karɓa ranar da ya biya kuɗi. Ta faɗi cewa wanda likitan hukuma ya hana tafiya, kujerarsa tana nan a shekara mai zuwa ba tare da ya sake bin layi ba. Ta faɗi abin da za a mayar masa, da abin da ba zai komo ba, da ranar da zai karɓa. Ta ba shi damar neman a sake awo a wani ɗakin bincike dabam, domin inji ma yakan yi kuskure, kuma babban awo yakan ci gaba da ganin ɓurɓushin ƙwayar da ta riga ta mutu makonni bayan mutum ya warke. Idan jinkirin jirgi ne ya kashe takarda, kamfanin jirgin ne ya kamata ya biya sabon awo, ba fasinjan da ya kwana a tabarma yana jira ba.

Kuɗin cike wannan gurbi ba zai gagara ba. Waɗanda awo ke kamawa kaɗan ne cikin dubbai, kuma ɗan abin da za a ware daga kuɗin kowace kujera zuwa asusun taimakon juna, irin wanda shari'a ta yarda da shi, zai ɗauki nauyinsu. Shirin adashin gata na alhazai da aka ƙaddamar cikin 2020 ya riga ya samar da wurin ajiyar da za a jingina wannan asusu.

Akwai kuma abin da ba sai an jira annoba ba. A ƙa'idodin lafiya na hajjin 2025 Sa'udiyya ta lissafa waɗanda ba ta so a kawo mata: mai ciwon ƙoda da ake yi wa wankin jini, mai ciwon zuciya ko huhu ko hanta da ya yi tsanani, mai ciwon daji da ke kan magani, tsohon da hankalinsa ya gushe, mai tarin fuka da ke yaɗuwa, da mace mai tsohon ciki. Yawancin waɗannan ba sa faɗo wa mutum dare ɗaya kamar korona. Ana iya gano su tun watanni shida kafin tashi, a babban asibitin ƙaramar hukuma, a tura mai bukatar ƙarin bincike Lafiya ko Keffi. Jihar tana da ƙananan hukumomi 13, kuma tazarar Toto ko Awe daga hedkwata ba ƙarama ba ce ga dattijo. Idan likita ya ga maniyyaci kafin akawu ya karɓi kuɗinsa, mai hawan jini ko ciwon sukari zai sami watanni yana shan magani har jikinsa ya daidaita ya tafi, wanda kuma ciwonsa ya fi ƙarfin tafiya zai ji haka shanunsa suna garke, ya zauna da malaminsa su duba ko zai wakilta wani ya yi masa.